Gaɓa Saba'in da Huɗu

Kawunta ne ya kawo ta daga Sabha,
a naɗe cikin bargo, ƙarƙashin buhun dabino:
'yar tankar yaƙi, tsawonta bai kai kamu ba,
da ɗan akwatin da ake sarrafa ta daga nesa.
Kwana uku tana mulki a tsakar gidanmu na Karkada.
Ran na huɗu Balkisa ta kai ta gindin duwatsun Birni,
sarƙar roba ta ce ɗas!
Ta dawo da ita a goye, kamar mara lafiya.

Ni Mutari, mai gyaran kabu-kabu a bakin kasuwar Dole,
shekara sha tara hannuna cikin baƙin mai,
ban taɓa jin kunyar ƙarfe ba
sai da yarinya ta ajiye min wannan a kan benci
ta ce, Baba, ai kai ne.

Na fara da sarƙar babur.
Nauyi ya danne ta, injin ya yi kukan sauro,
ko taki ɗaya ba ta yi ba.
Zanaidu mai walda ya leƙo, ya yi dariya:
ka ɗaura wa fara takalmin raƙumi.

Sai na koma ga gwangwanin madara.
Na yanka, na miƙe, na lanƙwasa baki,
kowace gaɓa faɗin farcen babban yatsa.
Wayar tsohon keke ta zama ƙusa,
robar taya ta zama tafin ƙafa.
Bayan isha'i, in wuta ta ɗauke,
tocila a baki, magagari a hannu,
ina goge haƙori ɗaya ɗaya
har ya shiga gurbinsa ba gardama.
Uwarta ta ce tuwo ya huce.
Na ce saura goma.
Kullum saura goma.

Gwangwani ya sha jinina sau biyu.
Wani mai babur ya gaji da jira, ya tafi da jikarsa gaba.
Ban bi shi da kira ba.

Saba'in da huɗu dama.
Saba'in da huɗu hagu, haka na ƙirga,
ko haka barci ya ƙirga min.

Ran Juma'a da la'asar yaran unguwa suka yi da'ira.
Balkisa ta danna.
Tanka ta motsa, ƙaf ƙaf ƙaf, ta bar sawu a rairayi
kamar tsani kwance,
sannan ta karkata,
ta zaga, ta sake zagawa,
tana bin wutsiyarta kamar akuya a turke.
Dariya ta ɓarke har makwabta suka leƙo ta katanga.

Na durƙusa na sake ƙirgawa a gabansu.
Hagu saba'in da biyar.
Gaɓa guda, ba ta kai nauyin ƙwayar gyaɗa ba,
ta hana tafiya miƙewa.
Na zare ƙusa, na cire ta, na mayar.

Wannan karon ta nufi ƙofa sak,
ta hau dokin ƙofa, ta sauka,
ta haye tsakuwa, ta ratsa sawun 'yan garuwa,
ba ta tambayi kowa hanya ba.

Yanzu bindigar kanta ta karye, ba wanda ya nemi gyara.
A gurbin an ɗaura murfin kwano.
Da safe takan kai gishiri gidan Iya Gambo,
ta dawo da barkono uku, wani lokaci da goro.
Yaƙinta ke nan.

Gaɓar da ta yi yawa kuwa,
Balkisa ta zura mata zare ta rataya a wuya.
Na ce yar da ita, kuskure ce.
Ta ce a'a,
ita kaɗai ce ta san dare nawa ka yi.